Kwana Hamsin da Tara a Littafin Mu'awiyya

A Ikara, in ka tambayi Mu'awiyya Tukur ba kowa ne zai gane wanda kake nufi ba, amma in ka ce Bari-in-rubuta, ko mai shayin bakin tasha zai nuna maka shagonsa. Halinsa ne ya jawo masa sunan. Ko da kwamfuta ka kawo masa tana hayaƙi, ba zai taɓa ta ba sai ya buɗe littafinsa mai baƙin bango ya rubuta rana da sa'a, da sunan mai ita, da abin da mai ita ya ce ta yi. Sannan a wani layi dabam ya rubuta abin da shi ya gani da idonsa. Yakan ce waɗannan biyun ba su cika zama abu ɗaya ba.

A Malikanchi aka haife shi shekara arba'in da uku da suka wuce, ɗan fari a gidan manomin masara da barkono. Ya yi firamare a garinsu, ya yi sakandare a Ikara, daga nan karatun ya tsaya, domin mahaifinsa ya rasu ana tsakiyar noman biyu. Ya riƙe gonar shekara uku har ƙannensa suka tasa, sannan ya dawo Ikara ya zauna wurin wani tsoho mai buga wa mutane takardu da tafireta a gindin darbejiya. Tsohon nan ba ya yarda da gogewa. Harafi ɗaya ya kauce, a zare takardar a sake daga farko. A nan Mu'awiyya ya koyi duba abu sau biyu kafin ya ɗora yatsa a kansa.

Da kwamfuta ta shigo gari, tafireta ta rasa kasuwa. Wani mai shagon buga takardu ya ba shi wata tsohuwar kwamfuta da ba wanda ke so, domin maus ɗinta, abin da ake ja da hannu a nuna wuri a allo, ya mutu kuma ramin da ake sa shi ya karye. Shekara guda cur ya yi yana sarrafa ta da madannai kaɗai. Zai buɗe baƙin allon nan da ba hoto a cikinsa, ya rubuta umarni, ta amsa masa da rubutu. Wurin da sauran masu gyara ke gudu, shi nan ya zame masa gida. Yau littattafansa masu baƙin bango sun kai sha bakwai, suna jere a kan kanta, kowanne da shekararsa a rubuce a gefe.

Aikin da ya kai sunansa har Makarfi da Kudan ya faro ne a farkon watan Mayu. Alhaji Maiwada, babban dillalin rake da mazarƙwaila a Makarfi, ya sayo kwamfutoci sha ɗaya, kowacce da solarta da injin buga takarda, ya raba wa makarantun Islamiyya na ƙananan hukumomin uku. Makarantun da suka nema sun fi ashirin, saboda haka aka kafa kwamiti na mutum biyar, aka jera waɗanda ba su samu ba a layin jira. Mu'awiyya aka ɗora wa kula da lafiyar injinan.

Alhaji yana da ɗa, Zayyad, wanda ya karanta kwamfuta a jami'a. Shi ya rubuta wata 'yar manhaja ya sa mata suna Duba. Ba ta da hoto, ba ta da maɓallin latsawa. Baƙin allo ake buɗewa, a rubuta duba, sai ta yi ɗan nazari ta fito da layi uku: lafiyar faifan ajiya, ƙarfin batir, da zafin inji. Kowace safiyar makaranta, malamin da ke riƙe da kwamfutar zai ɗauki hoton layukan da waya ya turo wa Mu'awiyya, shi kuma ya shigar a littafi. Dokar kwamiti guda ce, kuma kowa ya sa hannu a kai: kwamfutar da ta kasa ba da rahoto sau uku, za a ɗauka ba a kula da ita, a ɗauke ta a miƙa wa makarantar da ke gaba a layi. Wadda ke gaba a layi wata makaranta ce a Kudan.

Ɗaya daga cikin sha ɗayan tana Saulawa, a makarantar Malam Abdurra'uf, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya wanda ya gaji karantarwa daga mahaifinsa da kakansa. 'Yarsa, Malama Khairunnisa, ita ke riƙe da kwamfutar. Tana da ajin matan aure talatin da huɗu. Da wannan inji take buga musu darasi su tafi da shi gida, da shi suke sauraren karatu su gyara bakinsu, kuma goma daga cikinsu sun riga sun iya buga sunayensu da Larabci da boko. Har riga ta ɗinka wa kwamfutar da ragowar atamfa.

Wata biyu da makonni uku hotunan Saulawa suna zuwa ƙarfe bakwai da rabi, ba fashi. Ran Lahadi, ashirin da bakwai ga Yuli, hoton da ya zo dabam ne. Maimakon layi uku, layi tara ne na Turanci a cakuɗe, na ƙarshen yana cewa an sami lamba ƙasa da sifili a inda ba a tsammaninta. Manhajar ta kife tun kafin ta auna komai. Malama ta sake gwadawa sau huɗu a ranar, amsar ba ta canja ba.

Ruwa ya hana tafiya ran Litinin. Ran Talata Mu'awiyya ya hau babur ɗinsa ya ratsa caɓi har Saulawa. Ya zauna, ya rubuta abin da aka gaya masa, ya buɗe baƙin allo, ya buga duba. Layi uku suka fito tsaf. Ya buga sau goma, sau goma suka fito. Ya dubi agogon kwamfutar ya dubi na hannunsa, minti ɗaya bai raba su ba.

"Wallahi shekaranjiya ƙi ta yi," in ji Malama Khairunnisa.

"Na yarda, Malama. Hoton yana hannuna."

"To me ya sa take yi maka biyayya?"

"Ta san ina rubutawa," in ji shi. Ta yi dariya, amma shi ya koma gida da abin a ransa.

Kifewa ta biyu ta faru ran Laraba, ashirin da huɗu ga Satumba, ana tsakiyar karyar masara. Alhamis da Juma'a ba makaranta, sai Asabar ya isa, ya tarar lafiya lau. Wannan karon bai tsaya a gwaji ba. Ya kwance injin ya hure ƙura, ya auna wutar da sola ke bayarwa da safe da kuma tsakar rana, ya canja ɗan batirin da ke riƙe agogo, ya goge manhajar ya sake zuba ta daga filashinsa, ɗan abin ajiyar da yake yawo da shi. Ya kuma karanta rajistar da kwamfutar ke ajiye wa kanta, wadda take rubuta duk lokacin da aka kunna ta ko aka kashe, yana neman inda ta yi ƙorafin wani abu. Bai ga ƙorafi ba. Duk abin da ya gwada ya rubuta shi, ya ja masa layi, don kada ya sake bin hanyar da ya riga ya bi.

Ta uku ta zo ran Asabar, ashirin da biyu ga Nuwamba. Kafin azahar Alhaji Maiwada ya kira shi.

Bayan sun gaisa, sun tambayi iyali da gajiya, Alhaji ya ce, "Malam Mu'awiyya, uku ta cika. Asabar mai zuwa kwamiti zai zauna, ka zo mana da injin Saulawa."

"Ranka ya daɗe, injin nan lafiyarsa ƙalau. Na kwance shi da hannuna."

"Goma suna aiki da manhajar yaron nan ba tangarɗa, ɗaya ce kullum ke kifewa. Ni ban yi boko ba, amma na iya ƙirga. An ce mini matan nan da 'ya'yansu suke zuwa aji."

"A ba ni zuwa Asabar ɗin. In ban zo da dalili ba, zan zo da injin."

"Ka zo da duka biyun," in ji Alhaji.

Maganar yara ta riga ta isa Saulawa. Da yamma Malama Khairunnisa ta turo masa saƙo gajere, ta ce ɗakin kulle yake, makulli ɗaya a hannunta, ɗaya a hannun Baba, kuma ba yaron da ya taɓa shiga. Ta ce ba ta san abin da za ta gaya wa matan ba in aka ɗauke.

Ran Litinin bayan la'asar yana zaune a tsakar gida da littafin a cinyarsa. Mahaifiyarsa, Inna Uwaliya, wadda ya ɗauko daga Malikanchi tun rasuwar mahaifinsa ta cika shekara goma, tana gefe tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ya fitar da ranakun uku a wata takarda dabam. Ba rana ɗaya ce ta mako ba: Lahadi, Laraba, Asabar. Ba yanayi ɗaya ba ne: ɗaya ana ruwa, ɗaya ana kaka, ɗaya sanyi ya fara. Sai ya ƙirga tsakaninsu. Daga ta farko zuwa ta biyu kwana hamsin da tara. Daga ta biyu zuwa ta uku, kwana hamsin da tara. Ya sake ƙirgawa da kalandar bango yana bin kwanakin da bakin biro.

"Hamsin da tara," ya ce a fili. "Hamsin da tara."

"Buhu ko tiya?" in ji Inna, ba ta ɗago ba.

"Kwana, Inna. Wani inji ne ke yi mini gardama duk bayan kwana hamsin da tara, na rasa abin da ke zuwa a wannan lissafi. Ba makonni cikakku ba ne, ba wata biyu ba ne."

"Wa ya ce maka ba wata biyu ba ne?"

"Wata biyu ai sittin da ɗaya ne, ko da biyu."

Ta ajiye gyaɗar ta dube shi. "Na bokonku ke nan. Wata na sama fa? Ɗaya ya yi ashirin da tara, ɗaya ya cika talatin, nawa ke nan? Kai dai tun da ka kama injinan nan ko sama ba ka dubawa. Yaushe ya yi maka ta ƙarshe?"

"Shekaranjiya, Asabar."

"Asabar talatin ga wata. Ran Juma'a an duba ba a gani ba, aka ce a cika, a rediyo na ji. Ni da ke azumin fararen kwanaki ai ba a yi mini kuskuren wata."

Mu'awiyya ya ajiye biro. Ya riƙa buɗe shafukan littafin baya baya har ya kai uku ga Mayu, ranar da ya kai kwamfutar Saulawa. A ƙasan shafin, da rubutun hannunsa, ga abin da ya sa: Malam ya nemi kusurwar allo ta riƙa nuna kwanan watan Musulunci maimakon na boko, an yi masa. Ya duba shafukan sauran makarantu goma. Babu wadda aka yi wa haka.

"Inna, Allah ya ƙara miki lafiya."

"Amin. Tashi ka miƙo mini wancan kwanon."

Washegari Talata ya isa Saulawa da hantsi. Malam Abdurra'uf yana zaure a kan buzu, ɗalibai biyu manya suna gabansa da littattafai. Mu'awiyya ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, suka gaisa a tsanake: kwana, da iyali, da sanyi, da hanya, da jikin Inna, da yadda masarar Malikanchi ta yi bana. Sai da Malam ya sallami ɗaliban ya ce masa ya shiga, sannan ya wuce ɗakin kwamfuta, Malama Khairunnisa ta buɗe masa.

Kusurwar allon tana nuna uku ga Jimada Sani, daidai da lissafin gari. Ya buɗe baƙin allo, ya tambayi kwamfutar kwanan wata na boko. Ta ce Litinin, ashirin da huɗu ga Nuwamba. Shi kuwa ya san Talata ya baro gida, ashirin da biyar. Sau biyu a baya ya gwada agogonta da nasa, sa'a da minti, bai taɓa tambayarta rana ba.

Ya sake buɗe rajistar. Wancan karon ƙorafi yake nema, yanzu kwanakin ya bi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ga layi: Asabar, ashirin da biyu, ƙarfe shida da minti huɗu na safe, an kunna. Layin da ke bin sa: Juma'a, ashirin da ɗaya, ƙarfe shida da minti bakwai. Ya koma Satumba, ya tarar da haka. Ya koma Yuli, haka. A tsakaninsu kuma, a ƙarshen Agusta da ƙarshen Oktoba, rana guda ta yi tsalle gaba. Ya kwafe layukan duka a littafi kafin ya ce komai.

"Malama, ƙarfe shida na safe wa ke shiga ɗakin nan?"

"Ba kowa. Ni sai bakwai da kwata nake zuwa." Sai ta tuna. "Sai dai Baba, in ya fito masallaci."

Mu'awiyya ya daɗe yana juya yadda zai tambayi dattijo irin wannan ba tare da ta zama tuhuma ba. Bai gama shirya maganar ba sai ga Malam da kansa a bakin ƙofa, yana dogara sanda.

"Yaya mara lafiyar taku?"

"Allah gafarta Malam, da sauƙi. Wata 'yar tambaya ce gare ni. Ran Asabar da asuba, ko an leƙo ɗakin nan?"

"Ni na leƙo. Na tarar da ita tana cewa ɗaya ga Jimada Sani, alhali ba a ga wata ba. Na mayar da ita talatin." Ya faɗa kamar mai ba da labarin ya gyara zaman tabarma. "Tana da gaggawa, wannan abar. Wani watan ta riga mu, wani watan in na ja ta baya sai kuma ta makara, in tura ta gaba."

"Baba," in ji Malama Khairunnisa, "kai ne? Wata huɗu ina zargin kaina."

"Kin tambaye ni? Kullum tambayarki ko yara sun shiga. Ni yaro ne?"

Mu'awiyya ya sunkuyar da kai don kada dariya ta kuɓuce masa. "Allah gafarta Malam, wa ya nuna muku inda ake canjawa?"

"Kai. Ranar da ka kawo ta ina tsaye a bayanka kana daidaita agogo. Na ga inda ka taɓa." Malam ya zauna a kan bencin ɗalibai, ya jingine sandar. "Ka ga, ɗana, matan nan sun ɗauki abin da ke jikin gilashin nan kamar yankan alƙali. A cikinsu akwai mai takaba tana ƙirga wata huɗu da kwana goma. Akwai mai ramuwar azumi. In ta ce musu ɗaya ga wata alhali talatin ne, a makarantata aka gaya musu, ni za a tambaya."

"Gaskiya ne, Malam. Gyaran yana kan hanya. Wurin da aka taɓa ne ba shi ba."

Ya yi masa bayani a hankali. Kwamfuta agogo ɗaya gare ta, kuma da kwanakin boko take tafiya a ciki. Watan Musulunci da ake gani a kusurwa lissafi take yi ta fitar da shi, ba ta san an ga wata ko ba a gani ba. In aka ja wannan baya, ranarta gaba ɗaya aka ja. Ita kuma Duba, abu na farko da take yi shi ne ta nemo rubutu mafi sabo a rajista, ta auna tsawon lokacin da ya wuce daga nan zuwa yanzu. To ga shi Malam ya kunna ran Asabar, an rubuta Asabar, sannan ya mayar da ita Juma'a. Malama na zuwa, manhajar ta tarar da rubutun gobe a rajistar yau.

"Kamar akawu ne a ce ya karɓi wasiƙa, ya duba ya ga gobe aka aiko ta. Mai hankali zai ajiye ta gefe ya ci gaba da aiki. Wannan sai ta jefar da biro ta fita. Washegari in ranar ta riski rubutun, sai ta dawo kamar ba ita ba. Shi ya sa duk zuwana nake tarar da ita lafiya."

Malam ya shafa gemu. "Ashe ni na jawo za a raba matan nan da ita."

"Mu uku ne, Allah gafarta Malam. Akwai wurin da aka tanada musamman don wannan, inda ake ƙara wa watan Musulunci kwana ko a rage, ba tare da an taɓa agogo ba. Ni na sa muku watan, ban nuna muku wurin ba. Shi kuma mai manhajar bai yi mata tanadin irin wannan ba."

Ya mayar da ranar boko daidai, ya buɗe wurin, ya rage kwana ɗaya, kusurwa ta koma uku ga Jimada Sani. Ya sa Malam ya yi da hannunsa sau uku, ya rubuta matakan da manyan haruffa a takarda, Malama ta manna a bango. Da zai tafi ya ce in ya je Makarfi zai ce kawai an taɓa agogo, ba sai ya ambaci wanda ya taɓa ba.

"A'a," in ji Malam. "In ba ka faɗa ba, a kan yarinyar nan zai zauna. Ka zo ka ɗauke ni."

Ran Asabar, ashirin da tara ga Nuwamba, suka isa Makarfi a motar haya, kwamfutar tana kan cinyar Mu'awiyya cikin rigarta ta atamfa. Ofishin Alhaji Maiwada yana bakin hanya, ana lodin rake a ƙofarsa, ƙamshin mazarƙwaila ya cika ɗakin. 'Yan kwamiti biyar suna nan, har da Malam Sani, wakilin Kudan, wanda ya zo da kwali da igiya. Zayyad ma yana nan, ya zo gida hutun ƙarshen mako. Da suka ga Malam Abdurra'uf duk suka miƙe, aka ba shi kujerar Alhaji, aka yi gaisuwa mai tsawo.

"To, Bari-in-rubuta," in ji Alhaji, "ga inji na gani. Ina dalilin?"

"Ranka ya daɗe, a ba ni aron taka kwamfutar. Ita kowa ya yarda ana kula da ita."

Aka ba shi. Ya buɗe baƙin allo ya buga duba, layi uku suka fito. Ya ce kowa ya gani. Sannan a gabansu ya ja ranarta baya da kwana ɗaya, bai taɓa komai ba bayan wannan, ya sake buga duba. Layi tara suka zubo. Ya ajiye wayarsa kusa da allon, hoton Saulawa na ran Asabar a buɗe. Harafi ɗaya bai bambanta ba.

Alhaji ya matso da kujera. "Ka lalata mini inji?"

"Yanzu zan mayar, ranka ya daɗe." Ya mayar da ranar, ya buga, layi uku suka dawo.

Zayyad ya karɓi madannan, ya maimaita da kansa, ya karanta layin ƙarshe a hankali. Sai ya dafa goshi yana murmushi. "Baba, nawa ne. Na rubuta ta ne a kan cewa lokaci gaba kawai yake yi. Ban kawo wa raina wani zai mayar da shi baya ba."

"To wa ke mayar da rana baya a Saulawa, kuma don me?"

"Ni ne, Alhaji," in ji Malam Abdurra'uf. Ya ba su labarin kamar yadda ya ba Mu'awiyya, da mai takaba da mai ramuwa, bai rage ba bai ƙara ba.

Malam Sani na Kudan ne ya fara magana. "Allah gafarta Malam, ba raini ba. Amma doka cewa ta yi sau uku, kuma sau uku rahoto bai zo ba. Mu wata bakwai muna jira. Yaranmu sun share ɗaki tun jiya."

"Haka ne," in ji Mu'awiyya. Ya buɗe littafinsa inda ya manna kwafin dokar. "Amma ga yadda aka rubuta ta: za a ɗauka ba a kula da ita. Abin da ake nema ke nan, kulawa. Daga uku ga Mayu zuwa Larabar nan, safiyar makaranta ɗari da talatin da ɗaya ce a Saulawa. Rahoto ɗari da ashirin da takwas sun zo kafin ƙarfe takwas. Sauran ukun ma hoto ya zo, manhajar ce ta ƙi aunawa. Ga shafukan sauran goma, a duba in akwai wadda ta kai haka."

Aka miƙa littafin hannu zuwa hannu. Malam Sani ya fi kowa daɗewa a kansa. Ya bi layukan da yatsa, ya rufe, ya miƙa wa Alhaji.

Alhaji ya dubi ɗansa. "Kwana nawa gyaran zai ɗauke ka?"

"Layi biyu ne, Baba. Yau."

"Wata huɗu ana wahalar da mutane a kan layi biyu." Ya juya ga sakataren kwamiti. "A soke ukun nan. Injin Saulawa ya koma Saulawa. Malam Sani, kana nan a kan gaba, ba wanda zai tsallake ka."

Malam Sani ya naɗe igiyarsa ya sa a aljihu. Kwalin ya bar shi a nan, ya ce in rabonsu ya zo ba sai ya sake ɗauko wani ba.

Mako biyu Mu'awiyya ya yi yana zagaya makarantu sha ɗaya da filashi a aljihu, daga Paki zuwa ƙauyukan Kudan, yana zuba gyararriyar manhajar. Labarin ya riga shi isa. Makarantu huɗu suka ce su ma a sa musu watan Musulunci a kusurwa. Ya sa musu, kuma bai bar ko ɗaya ba sai da ya ga mai makarantar ya rage kwana ya ƙara da hannunsa, takarda tana manne a bango.

A littafi na sha bakwai, a ƙarƙashin ashirin da tara ga Nuwamba, bayan ya jera abin da ya faru, ya ƙara layi ɗaya da jan biro: Duk wanda na saita wa abu, in tambaye shi abin da zai yi in abin ya saɓa masa. Daga ranar kuma ya raba gefen kowane shafi gida biyu, kwanan boko a sama, na wata a ƙasa. Na ƙasan Inna Uwaliya yake tambaya kowace safiya kafin ya fita, ita kuma ba ta taɓa ba shi ba sai ta haɗa masa da gori.

Safiyar da Rajab ya kama, ƙarfe bakwai da rabi, hoton Saulawa ya shigo wayarsa. Layi uku ne. A ƙasa Malama Khairunnisa ta rubuta cewa Baba ya shiga da asuba ya gyara wata a wurin da aka nuna masa, kuma ya ce a gaya wa Mu'awiyya bai ko dubi takardar bango ba. Mu'awiyya ya shigar da layukan uku a shafin Saulawa, ya sa sa'ar da suka zo, ya buɗe shafin makaranta ta gaba.